Naɗi Cikin Dare, Bita Da Rana: Aikin Mafarautan Tashoshin Rediyo Na Nesa

Gabatarwa

Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo a kan matsakaicin zango ya san cewa dare da rana ba ɗaya ba ne. Da rana ba ya samun kome sai tashar garinsu da ta maƙwabta, amma da zarar rana ta faɗi sai akwatin ya cika da muryoyin ƙasashen da bai taɓa takawa ba, wata ta taso, wata ta nutse, kamar ana hira a bayan katanga. Yawancin masu saurare sukan tsallake waɗannan muryoyi su nemi tashar da suka sani. Akwai kuwa waɗansu mutane a duniya waɗanda muryoyin nan su ne abin nemansu, kuma iyakar nisan tasha da ƙanƙantar ƙarfinta, iyakar darajarta a wurinsu. Turawa suna kiran wannan sha'awa da haruffa biyu, DX, waɗanda a tsohuwar alamar masu buga waya suke nufin nisa. A cikin wannan maƙala za a kira masu yin ta mafarautan tashoshi.

Maƙalar ta taƙaita ne ga mafarautan ƙasar Finlan, waɗanda suka yi fice wajen kamo tashoshin Amurka da Kanada daga can ƙuryar arewacin Turai, kuma ga ɓangare ɗaya na aikinsu, watau yadda suke naɗar abin da ya wakana a sararin samaniya cikin dare, da yadda suke bitarsa daga baya. Abin da za a nuna shi ne, tun da na'ura ta sauƙaƙa naɗi, wahalar sana'ar ta tashi daga kamu ta koma kan bita, har ya zama abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne sanin abin da za a saurara, da abin da za a gaskata, da abin da za a goge.

Dalilin Zaɓen Dare

A can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa sama, akwai shimfiɗu na iska waɗanda hasken rana ke cika su da lantarki. Kennelly da Heaviside sun yi hasashen samuwarsu a shekarar 1902, sa'an nan Appleton ya tabbatar da su ta hanyar gwaji a tsakiyar shekarun 1920. Shimfiɗar da ta fi kusa da ƙasa tana shanye igiyoyin matsakaicin zango muddin rana na haskaka ta. Idan duhu ya shiga sai ta watse, igiyoyin su sami hanyar isa shimfiɗar da ke bisanta, ita kuma ta maido su ƙasa a wani wuri mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomita. Saboda haka tilas hanyar da ke tsakanin tasha da mai saurare ta kasance cikin duhu, ko dukanta ko mafi yawanta.

Wannan shi ya sa lardin Laplan na arewacin Finlan ya zama dajin farauta. A tsakiyar hunturu rana takan yi makonni ba ta fito ba, mutane kaɗan ne, babu kuma yawan na'urorin lantarki masu haddasa ƙara. Tun 1974 mafarauta suke zuwa Lemmenjoki, a 2010 kuma suka buɗe wani sansani a Aihkiniemi, duka biyun a yankin Inari. Eriyar da suke amfani da ita wata doguwar waya ce mai ɗauke da sunan Harold Beverage, injiniyan da ya ƙago ta, tsawonta yakan kai kilomita guda, ana shimfiɗa ta cikin daji a kan itatuwa da sanduna tana fuskantar nahiyar da ake nema. Kowace waya da alƙiblarta: wannan ta gabashin Amurka, waccan ta Alaska, wata ta Japan, wata ta Afirka. Barewar da Samawa mazauna yankin ke kiwo takan tsinka wayoyin, sai mutum ya bi su da ƙafa cikin ƙanƙara yana neman inda suka yanke.

Daga Kaset Zuwa Kwamfuta

A da, akwati ɗaya gurbi ɗaya yake kamawa a lokaci ɗaya. Mafarauci yakan zauna da abin ji a kunne, hannunsa a kan maɓalli, rikoda a gefensa, kuma kaset ɗin da aka fi amfani da shi minti 45 yake ɗauka a kowane gefe. Idan barci ya rinjaye shi, abin da zai iya bai wuce ya bar akwatin a kan gurbi guda, ya ɗaura masa agogon da zai kunna rikoda ba. Waɗansu sun yi dabarar naɗar sauti a kan kaset ɗin bidiyo domin ya fi tsawo. Duk da haka zaɓi ne mai ciwo, domin yayin da yake jiran tasha ta faɗi sunanta a wani gurbi, ga yiwuwar wata wadda ta fi ta tsada tana faɗin nata a gurbin da ke kusa, ta wuce ke nan har abada.

Abin ya sake kama ne da zuwan akwatin da ke aiki da kwamfuta. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Perseus, ƙirar wani kamfani na Italiya, wanda ya fito a ƙarshen 2007, ba da jimawa ba kuma ya zama yana iya ɗaukar faɗin kilohaz 1600 a lokaci guda. Matsakaicin zango kuwa gaba ɗayansa bai wuce daga kimanin kilohaz 530 zuwa 1700 ba. Ma'anar wannan ita ce, abin da ake naɗa yanzu zangon ne ɗungurungum, da duk tashoshin da ke cikinsa, masu ƙarfi da raunana. Washegari, ko bayan wata shida, mutum zai iya kunna naɗin ya yi ta murɗawa daga gurbi zuwa gurbi tamkar daren bai wuce ba, ya mai da minti guda baya sau ɗari idan ya so.

To, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan Perseus na naɗi da cikakken faɗinsa yana cin wajen megabait 12 a kowace daƙiƙa, watau gigabait 43 a awa, fiye da gigabait 500 a daren awa 12, kimanin terabait guda a kwana ɗaya cur. Wannan ma ƙaramar matsala ce, tun da ma'ajin kwamfuta saye ake yi. Babbar matsalar lokaci ce. A nahiyar Amurka tazarar da ke tsakanin gurabe kilohaz 10 ce, saboda haka daga 530 zuwa 1700 akwai gurabe 118. Wanda ya ce sai ya saurari kowane gurbi na daren awa 12 daga farko har ƙarshe, yana bukatar awa 1,416, watau kwana 59 ba barci ba salla ba cin abinci, a kan dare ɗaya tak, a kan waya ɗaya tak. Ba a ma sa gurabe 120 na Turai da Afirka da Asiya a cikin lissafin ba. Mutumin da ya yi mako biyu a sansani ya koma gida da abin da ya fi ƙarfin sauran rayuwarsa. Duk ɗalibin da ya taɓa dawowa daga ƙauye da jaka cike da hirarrakin da ya ɗauka, ya zauna zai juye su a takarda, ya ɗanɗani irin wannan nauyi.

Tsara Naɗi Tun Kafin A Kwanta

Rabin aikin bita ana yin sa ne kafin a danna maɓallin naɗi. Abu na farko agogo. Mafarauta a ko'ina suna aiki da agogon GMT, wanda masu sauraren sassan Hausa na tashoshin waje suka saba da jin sunansa, kuma dole agogon kwamfutar ya zama daidai har zuwa daƙiƙa. Kowane fayil sai ya ɗauki kwanan wata da lokaci da sunan wayar da aka yi amfani da ita. Naɗin da ba a san alƙiblar wayarsa ba ya yi asarar rabin amfaninsa, domin tashoshi da dama suna tarayya a gurbi ɗaya, kuma sanin inda wayar ta fuskanta shi ne shaida ta farko a kan wadda aka ji.

Abu na biyu shi ne rage yawan abin da za a naɗa. Dokar hukumar sadarwa ta Amurka ta wajabta wa kowace tasha ta faɗi haruffan sunanta da garin da aka ba ta lasisi sau ɗaya a kowace awa, a daidai cikar awa ko kusa da ita. Don haka da yawa daga cikin mafarauta sukan umurci kwamfuta ta riƙa naɗar 'yan mintoci kafin cikar awa da 'yan mintoci bayanta, ta huta a sauran. Minti goma a kowace awa ya mai da daren awa 12 ya koma awa biyu. Sai dai wannan tsari yana da farashinsa. Sararin samaniya bai san cikar awa ba. Wata tasha takan taso ne da minti ashirin da uku, ta yi tallar wani kanti a garinsu, ta nutse, ba a sake jin ta ba a wannan hunturu. Shi ya sa waɗansu suka gwammace su naɗi kome, su bar zaɓi sai ranar bita. Ra'ayin farko ya fi dacewa da mai farauta daga gida kowane dare, na biyu kuwa da wanda ya yi doguwar tafiya zuwa sansani, wanda ba zai so ya yi rowar ma'aji a kan mako guda da ya samu a shekara ba.

Akwai kuma wani lokaci wanda gwanaye ba sa wasa da shi. Tashoshin Amurka da yawa doka ta tilasta musu su rage ƙarfi, ko su sauya alƙiblar eriyarsu, ko ma su rufe, da faɗuwar rana a garinsu, domin kada su dami juna cikin dare. Lokacin da hukuma ta ƙayyade kuwa ɗaya ne ga dukan kwanakin wata, an kuma daidaita shi zuwa kwatan awa mafi kusa. A watan Oktoba, alal misali, da yake rana tana ƙara saurin faɗuwa kullum, a ƙarshen watan duhu yakan riga lokacin hukuma shiga, sai tasha ta sami 'yan mintoci tana watsawa da ƙarfin rana alhali hanya ta buɗe. Wanda ya san wannan zai bi faɗuwar rana a kan taswira daga gabar gabas zuwa yamma, ya san fayil ɗin da zai fara buɗewa.

Yadda Ake Bita

Mai bita yakan fara da ido kafin kunne. Manhajar da ke kunna naɗin tana zana zangon a fuskar kwamfuta, kowace tasha ta fito kamar zare, mai ƙarfi da haske, raunana a dushe. Abin da zaren ke nunawa shi ne igiyar dako, watau igiyar da ke ɗauke da muryar. Akwai manhajar da wani ɗan Finlan ya rubuta musamman domin wannan aiki, mai suna Jaguar, wadda ke iya shimfiɗa tarihin gurbi guda na awowi da yawa a hoto ɗaya. Da kallo ɗaya mutum zai ga cewa daren jiya kurma ne har zuwa ƙarfe huɗu, sa'an nan ya buɗe na minti arba'in. Waɗannan minti arba'in su ne za a saurara. Dare da yawa ba su da ko wannan, musamman idan rana ta yi tashin hankali har hasken nan mai launi ya bayyana a sararin arewa, domin a irin wannan hali igiyoyin da ke ratsowa ta kusa da ƙuryar duniya shanye su ake yi. Shekarun da rana ta lafa, kamar 2008 zuwa 2009 da 2019 zuwa 2020, su ne kakar mafarauta.

Idan aka ƙara girman hoton sai wani abin mamaki ya fito. Gurbin da kunne ke ji kamar hayaniya ɗaya, ido zai ga zare goma ko ashirin a jere, saboda da wuya a sami na'urar watsawa da ke zaune daidai a kan lambarta. Wata ta haura da haz uku, wata ta gaza da haz goma sha biyu, kuma sau da yawa takan daɗe a haka. Mafarauta suna tattara waɗannan 'yan bambance-bambance a jadawali, sun zama kamar zanen yatsa. An fi ganin amfaninsu a gurabe shida da Amurkawa ke yi wa laƙabi da maƙabarta, watau 1230 da 1240 da 1340 da 1400 da 1450 da 1490, inda ƙananan tashoshi fiye da ɗari, masu ƙarfin da bai wuce wat 1,000 ba, suke cunkushe a kowane gurbi. Amma fa a nan karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ba ta ci ba. Zare yana nuna inda za a kasa kunne ne kawai. A al'adar mafarauta ba a cewa an kama tasha sai an ji ta.

Sa'an nan sai yaƙi da maƙwabta. Tun daga Nuwamba 1978, bisa yarjejeniyar Janiba ta 1975, tazarar gurabe a Turai da Afirka da Asiya kilohaz 9 ce. Tashar Amurka da ke kan 1030, kamar WBZ ta Boston, tana tsakanin 1026 da 1035 na Turai, saboda haka da ɗan sarari. Wadda ke kan 1000 kuwa kilohaz ɗaya ne tsakaninta da 999, sai fito ya cika kunne. A kowane kilohaz 90, kamar 540 da 630 da 720, tsarin biyu sukan haɗu a lamba ɗaya, baƙuwa ta shige ƙarƙashin 'yar gida. Da yake kowace tasha tana da murya iri ɗaya a gefenta na sama da na ƙasa, mai bita yakan zaɓi gefen da ya fi nisa da mai damunsa, ya ƙuntata matatar sauti, ya sake saurare. A nan ne fifikon naɗin zango a kan kaset ya fi bayyana, domin kaset yana adana kuskuren da aka yi a daren, naɗin zango kuwa yana barin a gyara shi. Wani lokaci kaucewa tsari ma takan zama alheri: Rediyo Gotel ta Yola, da ta zauna a kan 917 maimakon 918, ta zama sananniya ga mafarautan Turai, don zarenta yakan fito shi kaɗai a gefe.

Kunne Da Son Zuciya

Mafi haɗarin abin da ke cikin bita shi ne mai bitar da kansa. Sunayen tashoshin Amurka haruffa ne uku ko huɗu, masu farawa da K a yammacin kogin Misisifi da W a gabashinsa in ban da kaɗan, na Kanada kuma da C. A bakin Ingilishi haruffan B da D da E da P da T da V ƙarshensu ɗaya ne, M da N kuma farkonsu ɗaya ne, haka F da S, kuma baƙin da ke bambanta su shi ne abin da ƙara ke fara cinyewa. Mutumin da ya buɗe jadawali ya ga sunan tashar da ya shekara goma yana nema, sa'an nan ya mai da daƙiƙa biyar baya sau talatin, lalle a karo na talatin zai ji sunan nan sarai, ko an faɗe shi ko ba a faɗa ba. Masu nazarin harshe sun san wannan hali na kunne, yadda yake cike giɓi da abin da zuciya ta riga ta tanada. Ikon maimaitawa, wanda shi ne babbar ni'imar naɗi, shi ne kuma ƙofar ruɗi.

Abin da ke ƙara dagula al'amari shi ne cikin dare ɗaruruwan tashoshin Amurka shiri ɗaya suke ɗaukowa daga cibiya ɗaya. Jin muryar mai gabatarwa ba ya nuna ko wace tasha ce. Shaidar da ake nema ita ce abin da ba ya fitowa sai daga gari guda: sunan tasha, tallar mai sayar da motoci da sunan titinsa, bayanin yanayi, sunan ƙungiyar wasan makarantar garin. Mafarauci mai kiyaye mutuncinsa yakan raba abin da ya rubuta gida uku, wanda ya tabbata, da wanda ake kyautata zato, da wanda ba a gane ba, kuma ba ya jin kunyar gida na uku ya fi sauran cika. Idan yana shakka sai ya yanko guntun sautin ya ba abokan sha'awarsa ba tare da ya faɗa musu abin da yake fata ba. In ya faɗa, ya ɓata shaidar, don su ma kunnuwansu za su bi nasa. Haka kuma idan wayar Afirka ko ta Asiya ce ta kawo murya, sai ya nemi wanda ya san harshen, domin mutum yana iya rantsewa Larabci ya ji alhali Hausa ce ake buɗe shiri da sallama.

Bayan tabbatarwa sai rubuta wa tashar. Rahoton yana ɗauke da rana da lokaci da gurbi da abin da aka ji, a yau kuma akan haɗa da guntun sautin. Amsar da tasha ke bayarwa ta gaskata rahoto ana kiran ta QSL, ita ce kuma ganimar da ake tarawa. Jinkirin bita yana cutarwa a nan, domin wanda ya kai ga wani fayil bayan shekara biyu yana iya tarar da tashar ta sauya suna, ko ta sauya mai ita, ko ta rufe, babu wanda zai amsa masa.

Abin Da Za A Goge

Ma'aji yakan cika, hunturu kuma yana dawowa da sabon naɗi alhali ba a gama na bara ba. Hanyar da ta fi yawa ita ce a yanko guntayen da ke ɗauke da sunayen tashoshi a ajiye su a matsayin ƙananan fayilolin sauti, tare da kwafi na biyu a wani wuri dabam, a goge dararen da ido ya nuna kurame ne, a bar cikakken naɗin darare kaɗan da suka yi fice. Mai gogewa yana yin haka ne da sanin cewa a cikin abin da ya zubar akwai yiwuwar tashar da bai taɓa ji ba tana kwance a wani minti da bai buɗe ba. Wanda kuma ya ƙi gogewa yakan wayi gari da tarin ma'ajai a kan kanta, yana kallonsu kamar mai bin sa bashi, har sha'awar ta koma masa aikin dole.

Wani dalili ya shigo wanda ya sa hukuncin ya ƙara nauyi. Matsakaicin zango yana ƙarewa a Turai. A ranar 31 ga Disamba 2015 gidan rediyon tarayya na Jamus da na gwamnatin Faransa suka kashe na'urorinsu na wannan zango, wasu ƙasashe sun riga su, wasu sun biyo baya. Ga mafarauci wannan riba ce ta wani gefe, domin gurbin da babbar tasha ta bari ya zama taga da ake hango ƙananan tashoshin nesa ta cikinta. Amma ta ɗaya gefen, naɗin da wani ya yi a wani dare na 2010 yana ɗauke da zangon da babu shi yanzu, da labaran wannan awa a harsuna da dama, da tallace-tallace da kiɗe-kiɗe, duka a jere kamar yadda suka fita tare. Tashoshin da kansu, in ma sun ajiye wani abu, nasu kaɗai suka ajiye. Saboda haka waɗansu mafarauta suka fara ware naɗi guda ko biyu na kowace shekara, ko da daren bai ba da wata baƙuwar tasha ba, suna rubuta masa rana da wuri da sunan waya, suna kwafe shi zuwa sabon ma'aji duk lokacin da tsohon ya fara gajiya.